Claude Bernard: Ɗan manomin inabi da ya gano aikin pankireyas, bincike ya raba shi da iyalinsa

Duk mahaucin da ya taɓa feɗe rago, a unguwar Atrone ne ko a kasuwar Dembé ta birnin N'Djamena, ko a Maraɗi da Garwa, ya san wata 'yar tsoka mai laushi, fara-fara kamar kitse, da ke kwance kusa da tumbi tana manne da farkon hanji. Mutane da yawa suna rikita ta da saifa ko matsarmama, alhali kowacce aikinta daban. Likitocin da suka yi karatu da Faransanci suna ce mata pankireyas. A jikin mutum tsawonta bai wuce taƙi guda ba, amma idan ta lalace abinci ba ya narkewa, suga ya hau, ciwon da take sawa kuwa yana cikin mafiya tsanani da likitoci suka sani.

Mutumin da ya fara nuna wa duniya ainihin aikin wannan tsoka ta hanyar gwaji shi ne Claude Bernard, wani Bafaranshe da ya rasu a shekarar 1878. Shi ne kuma ya nuna cewa jijiyoyi suna ba sassan cikin jiki umarni. A yau waɗannan abubuwa biyu, pankireyas da jijiyoyi, sun haɗu a wuri guda, domin masu binciken sankarar pankireyas da kumburinta na dogon lokaci sun mayar da hankali kan saƙonnin da ke kai da komo tsakaninsu.

Yaron kantin magani

An haifi Claude Bernard ranar 12 ga watan Yuli na shekarar 1813 a ƙauyen Saint-Julien, kusa da garin Villefranche, arewa da birnin Lyon. Mahaifinsa, Pierre Bernard, manomin inabi ne. Ya shiga fataucin giyar inabi, kasuwa ta juya masa baya, bashi ya yi masa katutu, har ya koma koyar da yara domin ya ciyar da gida. Claude ya fara karatu a hannun limamin cocin ƙauyensu, daga nan aka kai shi makaranta a Villefranche, sannan Thoissey. Bai yi fice a aji ba, kuma ƙarancin kuɗi ya sa ya bar makaranta ba tare da takardar kammalawa ba.

A shekarar 1832 aka kai shi koyon sana'a a kantin maganin wani mutum mai suna Millet, a unguwar Vaise da ke gefen Lyon. Aikinsa shara, wanke kwalabe, daka da kai saƙo. A wancan zamani akwai wani haɗi da ake kira teriyak, wanda ake zuba wa kayan haɗi fiye da hamsin, ana sayar da shi a matsayin maganin kusan kowace cuta. Ana ba da labarin cewa a kantin ba a zubar da ragowar magunguna, a cikin teriyak ɗin ake juye su, kuma masu saye suna dawowa suna yabawa. Wanda ya san masu tallar maganin cuta casa'in da tara a tashoshin motarmu zai gane abin da yaron ya gani. Tun daga lokacin ya fara shakkar duk maganin da ba a gwada shi ba.

Sai dai a lokacin zuciyarsa na wajen wasan kwaikwayo. Ya rubuta wani ɗan wasan barkwanci mai suna La Rose du Rhône, aka nuna shi a wani ƙaramin dandali a Lyon, ya samu ɗan abin kashewa. Wannan ya ƙarfafa masa gwiwa ya rubuta babban wasa na tarihi mai suna Arthur de Bretagne. A shekarar 1834 ya naɗe takardunsa ya nufi Paris, ya kai wa Saint-Marc Girardin, malami a Sorbonne kuma sanannen mai sharhin adabi. Malamin ya karanta, ya ba shi shawarar ya nemi sana'ar da za ta ciyar da shi, kuma tunda ya riga ya san kantin magani, ya karanta likitanci. Bernard ya bi shawarar.

A hannun Magendie

A makarantar likitanci ma bai zama zakara ba. A jarrabawar shiga aikin asibitocin Paris ta shekarar 1839 ya zo na 26 cikin mutum 29 da aka ɗauka. Abin da Allah Ya ba shi shi ne hannu. Idan ya riƙe wuƙar tiyata yana iya raba jijiyar da ba ta fi zare kauri ba daga tsoka ba tare da ya tsinka ta ba. Wannan baiwa ce François Magendie ya gani a asibitin Hôtel-Dieu. Magendie malami ne a Collège de France, mutum mai zafin rai, wanda ba ya yarda da maganar littafi sai ya gani da idonsa a jikin dabba mai rai. A shekarar 1841 ya ɗauki Bernard a matsayin mai shirya masa gwaje-gwaje.

Bernard ya zama cikakken likita a shekarar 1843 da kundin bincike kan ruwan tumbi da rawar da yake takawa wajen narkar da abinci. Shekarar da ta biyo baya ya zauna jarrabawar zama malamin jami'a, ya faɗi. Ga shi ya haura shekara talatin, ba kuɗi, ba kujera, har ya fara tunanin komawa ƙauye ya riƙa duba marasa lafiya. Abokai ne suka nemo masa mafita ta hanyar aure. A shekarar 1845 ya auri Marie-Françoise Martin, wadda ake kira Fanny, 'yar wani likita mai hali a Paris. Dukiyar da ta zo da ita daga gidansu ce ta ba shi damar ci gaba da bincike.

Zomayen kasuwa

Binciken pankireyas ya faro ne daga abin da wani zai share ya wuce. Wata rana a shekarar 1846 aka kawo masa zomaye daga kasuwa, aka ajiye su a kan teburi, suka yi fitsari. Bernard ya lura fitsarin garau yake kuma mai tsami, irin na dabbobi masu cin nama, alhali fitsarin mai cin ciyawa gurɓatacce ne. Ya yi tunanin cewa zomayen sun daɗe ba su ci komai ba, don haka naman jikinsu suke ci. Ya ba su ciyawa, fitsarin ya gurɓace. Ya hana su abinci, ya koma garau. Daga nan ya ciyar da su dafaffen naman sa, ya buɗe cikinsu domin ya ga yadda naman yake narkewa.

A nan ya ga abu na biyu. Idan dabba ta ci maiƙo, ƙananan hanyoyin da ke tsotsar abinci daga hanji sukan cika da wani farin ruwa kamar madara. A jikin kare wannan fari yana farawa ne daf da mafitar tumbi. A jikin zomo kuwa sai an gangara kimanin santimita 30 kafin a gan shi. Bernard ya duba, ya tarar a daidai wannan wuri ne bututun pankireyas na zomo yake zuba ruwansa a hanji, na kare kuma can sama yake zubawa. Ke nan maiƙo ba ya shiga jiki sai ya gamu da ruwan pankireyas.

An san da wannan bututu tun shekarar 1642, lokacin da Johann Wirsung ya bayyana shi a garin Padua na Italiya, kuma a 1664 Regnier de Graaf na ƙasar Holan ya tara ruwan daga jikin kare. Amma an shafe kusan shekara ɗari biyu ana ɗaukar ruwan a matsayin wani irin yawu na ciki. A shekarar 1848 Bernard ya saka siririn bututu a jikin kare, ya tara ruwan da ɗuminsa, ya gauraya shi da kitse. Nan take kitsen ya farfashe ya zama kamar madara, daga baya ya rabu zuwa sinadaran da aka gina shi da su. Ya kuma nuna cewa ruwan yana aiki a kan abinci mai sitaci da mai gina jiki. Da ya toshe bututun ya lalata pankireyas ɗin wasu karnuka, sai suka riƙa ci suna ramewa, kitse yana fita a bayan gidansu yadda ya shiga. Har yau likita yakan tambayi majinyaci game da wannan alama idan yana zargin pankireyas. Aikin ya jawo masa lambar yabo daga Cibiyar Kimiyya ta Faransa, kuma a 1856 ya tattara shi a babban littafi guda.

Hanta, suga da jijiyoyi

A wannan tsakani ne ya yi binciken da ya fi jawo masa suna. Masana na lokacin sun yarda cewa tsirrai ne kaɗai ke ƙera suga, dabba kuwa ƙona shi kawai take yi. A shekarar 1848 Bernard ya samu suga a jinin karnukan da ba a ba su komai ba sai nama, har da waɗanda suka kwana da yunwa. Ya bi sawun sugan har zuwa hanta. A 1855 ya wanke hantar kare da ruwa har suga ya ƙare tas, ya ajiye ta ta kwana, washegari ya tarar suga ya dawo. A 1857 ya ware abin da hanta ke adanawa tana mayar da shi suga, wanda ya raɗa wa suna gilikojen. Wannan rumbu ne yake riƙe mai azumi daga asuba zuwa faɗuwar rana. Da yake hanta cikin jini take zuba sugan kai tsaye, ba ta wani bututu ba, Bernard ya kira wannan aiki zubawar ciki, kalmar da daga baya ta zama tushen wani reshe guda na likitanci.

Jijiyoyi ne ɗaya ɓangaren aikinsa. A nan ana nufin jijiyoyin saƙo, waɗanda ke fitowa daga ƙwaƙwalwa da laka, ba hanyoyin jini ba. A shekarar 1849 ya soki wani ɗan wuri a gindin ƙwaƙwalwar zomo da allura, bayan 'yan sa'o'i suga ya bayyana a fitsarinsa. A 1851 ya yanke wata jijiya a wuyan zomo, sai kunnen wannan ɓangare ya yi ja ya ɗauki zafi, saboda hanyoyin jininsa sun buɗe. A 1858 ya gano wata jijiyar da ke buɗe hanyoyin jinin wurin da ke samar da yawu. Waɗannan gwaje-gwaje sun tabbatar da cewa jijiyoyi ke ƙayyade yawan jinin da kowace gaɓa za ta samu da yawan ruwan da za ta fitar. Ɗaliban likitanci a N'Djamena, Yamai da Yawunde har gobe suna haddace sunansa a kan wata alama ta faɗuwar fatar ido da ƙanƙancewar ƙwayarsa, wadda a Faransanci ake kira alamar Claude Bernard da Horner.

Ya kuma yi bincike kan guba. Ya nuna cewa kurar, dafin kibiyar mafarautan Kudancin Amurka, yana yanke saƙo tsakanin jijiya da tsoka, dabba ta kasa motsi alhali tana ji. Ya bayyana yadda iskar da gawayi ke fitarwa take kama jajayen ƙwayoyin jini ta hana su ɗaukar iskar numfashi. Wannan ne dalilin da ya sa kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki lokacin hunturu yake kisa ba tare da mutum ya farka ba.

Gidan da ya watse

Duk waɗannan abubuwa a jikin dabbobi masu rai aka gano su, kuma da yawa an yi su ne ba tare da an gusar wa dabbar da hankali ba, domin maganin sa barci na tiyata sai a 1846 da 1847 ya fara shigowa. Ɗakin gwajinsa a Collège de France ƙuntatacce ne, mai duhu da danshi, kuma wani lokaci yakan kai dabbobin da aka yi wa aiki gida domin ya ci gaba da lura da su.

Fanny ba ta iya jure wannan ba. Ta yi tsammanin ta auri likita mai duba manyan mutane yana shigo da kuɗi, sai ga miji yana dawowa da warin ɗakin gwaji, da karnuka masu bututu a ciki. Ta zama mai goyon bayan ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta Faransa, wadda aka kafa a shekarar da aka ɗaura musu aure. Sun haifi 'ya'ya huɗu. Maza biyun sun rasu suna jarirai, abin da ya ƙara nisanta ma'auratan. Matan biyu kuma suka bi bayan uwarsu. A wancan lokaci dokar Faransa ba ta yarda da saki ba, don haka wajen shekarar 1870 kotu ta raba musu zama kawai. 'Ya'yansa mata ba su yi aure ba, sun ƙare rayuwarsu suna kula da karnuka da kyanwoyin da ba su da masu su.

Bernard bai taɓa janyewa daga matsayinsa ba. A ganinsa ya halatta a gwada a kan dabba domin a ceci mutum, kuma haramun ne a yi wa mutum gwajin da zai cutar da shi ko da ilimi zai amfana. Daga baya ya yi bincike mai zurfi kan magungunan gusar da hankali, ya wallafa darussa a kansu a 1875. Taƙaddamar da aka yi a cikin gidansa ba ta mutu ba. A yau manyan cibiyoyin bincike ba sa barin a taɓa dabba sai da izinin kwamiti da kuma maganin kashe zafi, kuma irin su Fanny suna da hannu a wannan sauyi.

Littafin da jinya ta haifar

A waje kuwa sunansa sai ƙara ɗaukaka yake yi. A 1854 aka ƙirƙira masa kujerar koyarwa a Sorbonne, aka kuma zaɓe shi a Cibiyar Kimiyya. Da Magendie ya rasu a 1855, shi ya gaje shi a Collège de France. Amma tun daga farkon shekarun 1860 wani ciwon ciki mai tafiya yana dawowa ya riƙa kwantar da shi, har ya tilasta masa komawa Saint-Julien na tsawon watanni.

A can, tsakanin gonakin inabi, ba wuƙa ba dabba, ya zauna ya rubuta yadda ya kamata a nemi gaskiya a likitanci. Littafin ya fito a 1865 da sunan Introduction à l'étude de la médecine expérimentale, wato gabatarwa ga likitancin gwaji. Saƙonsa shi ne abin da Bahaushe ya taƙaita da cewa gani ya kori ji. Mai bincike ya lura da abu, ya yi hasashen dalilinsa, ya shirya gwajin da zai iya ƙaryata hasashen, kuma idan sakamako ya saɓa wa ra'ayinsa, ra'ayin ne zai tafi ko da na babban malami ne. Ya nace a kan cewa ba a tabbatar da amfanin magani sai an kwatanta waɗanda aka ba da waɗanda ba a ba ba, domin cututtuka da yawa da kansu suke warkewa.

A shekarun nan ne kuma ya tsara tunaninsa mafi girma, wanda ya kira muhallin ciki. Ƙwayoyin jikinmu suna zaune ne a cikin jini da ruwan jiki, kuma dole ɗumin wannan ruwa, da gishirinsa, da sugansa su tsaya a kan ma'auni guda. A watan Afrilu zafin N'Djamena yakan haura digiri 40, amma jinin mai lafiya yana nan a wajen 37. Duk aikin hanta, ƙoda, huhu, pankireyas da jijiyoyi domin tsare wannan daidaito ne, cuta kuwa ita ce gocewarsa.

Sarki Napoleon na Uku ya sa an gina masa sabon ɗakin gwaji a gidan nazarin halittu na Paris, inda ya koma a 1868. A wannan shekara aka zaɓe shi a Académie française, a 1869 aka naɗa shi ɗan majalisar dattawa, a 1876 kuma Ingila ta ba shi lambar Copley. Ya yi shekarunsa na ƙarshe shi kaɗai a wani gida da ke fuskantar Collège de France, ɗalibansa irin su Paul Bert da Arsène d'Arsonval suna kewaye da shi. Ciwon ƙoda ya kwantar da shi a ƙarshen 1877, ya rasu ranar 10 ga Fabrairun 1878 yana da shekara 64. Gwamnati ta yi masa jana'izar ƙasa, karo na farko da Faransa ta yi wa masanin kimiyya irin wannan karramawa, aka binne shi a maƙabartar Père-Lachaise. Wanda ya gaji kujerarsa shi ne Charles-Édouard Brown-Séquard, haifaffen tsibirin Moris da ke tekun Indiya.

Tambayar da ya bari

Akwai abin da ya kuɓuce masa. Duk da shekarun da ya yi a kan pankireyas da kuma suga, bai haɗa su wuri guda ba, ya fi zargin hanta da jijiyoyi a kan ciwon suga. A 1869 wani ɗalibi a Berlin, Paul Langerhans, ya ga wasu tarin ƙwayoyi kamar tsibirai a cikin pankireyas. A 1889 Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka cire pankireyas ɗin kare gaba ɗaya a Strasbourg, karen ya kamu da ciwon suga mai tsanani. A 1921 Frederick Banting da Charles Best suka ciro insulin a Toronto ta Kanada.

Sai kuma tambayar yadda pankireyas ke sanin abinci ya iso. Ivan Pavlov na Rasha ya nuna cewa jijiya ce ke ba ta umarni. A 1902 William Bayliss da Ernest Starling a Landan suka yanke jijiyoyin wani yanki na hanjin kare, suka zuba masa ruwa mai tsami, pankireyas ta ci gaba da fitar da ruwanta. Ashe hanji yana sakin wani sinadari cikin jini ya kai mata saƙo. Suka sa masa suna sekiretin, kuma a 1905 Starling ya kira irin waɗannan 'yan aike homon.

An daɗe ana ganin hanyoyin biyu daban suke, ta jijiya da ta jini, sai bincike ya nuna jijiyoyi ma irin waɗannan sinadarai suke saki. Gajerun sarƙoƙi ne na tubalan da ake gina furotin da su, kuma masana suna kiransu nuropeptid. A 1931 Ulf von Euler da John Gaddum suka samu na farko a ƙwaƙwalwa da hanjin doki, suka kira shi sinadarin P, mai tubali 11, wanda ke cikin masu ɗaukar saƙon zafin ciwo. A 1970 Sami Said, haifaffen Masar, da Viktor Mutt suka ware VIP a birnin Stockholm. A 1973 ɗakin gwajin Roger Guillemin, Bafaranshen da ya samu digirin likitanci a Lyon, ya gano somatostatin, wanda aikinsa taka birki ne ga sauran saƙonni. Guillemin ya samu kyautar Nobel a 1977.

Idan saƙo ya rikice

A ciwon kumburin pankireyas na dogon lokaci, likitocin da suka duba naman da aka cire a tiyata sun tarar jijiyoyin cikinta sun yi kauri, sun yawaita, rigarsu ta lalace, kuma suna ɗauke da sinadarin P da wani ɗan'uwansa CGRP fiye da kima. Waɗannan sinadarai suna buɗe hanyoyin jini suna kiran ƙwayoyin garkuwar jiki, su kuma ƙwayoyin su ƙara tsokanar jijiyoyin. Haka kumburi ke ciyar da zafi, zafi yana ciyar da kumburi, shi ya sa wasu majinyata ke ci gaba da jin ciwo ko bayan an gyara bututun da ya toshe.

Sankarar pankireyas ma tana da hulɗa ta musamman da jijiyoyi. Ƙwayoyinta suna sakin abin da ke jawo jijiyoyi su tsiro zuwa gare su, sannan su bi jikin jijiyar su yaɗu, abin da ake samu a mafi yawan masu wannan cuta. Wannan na cikin dalilan ciwon baya mai tsanani da kuma dawowar cutar bayan tiyata. Duk shekara kusan mutum rabin miliyan ke kamuwa da ita a duniya, kuma ko a ƙasashe masu arziki kusan ɗaya cikin goma ne ke kai shekara biyar. Daɗaɗɗen kumburi yana ƙara haɗarin kamuwa da ita. Akwai kuma wasu ƙari da ba a cika samu ba, waɗanda su da kansu suke ƙera sinadaran saƙo. Wanda ke zuba VIP yana jawo gudawa kamar ta kwalara, kuma ana lafar da shi da octreotide, maganin da aka ƙera bisa siffar somatostatin. Domin rage raɗaɗin sankara kuma, likitoci kan yi allurar kashe tarin jijiyoyin da ke bayan pankireyas.

Wannan cuta ba ta Turai kaɗai ba ce. A 1960 likita Gerald Shaper ya ba da rahoton masu pankireyas mai tsakuwa a Uganda, kuma a shekarun 1960 likitocin asibitin koyarwa na Ibadan suka bayyana irinta a tsakanin matasan da ba sa shan giya. Manyan abubuwan da aka tabbatar suna lalata pankireyas su ne giya da taba, sai gado, sai tsakuwar matsarmama da ke tayar da kumburi na farat ɗaya.

A garuruwanmu kusan duk ciwon saman ciki olsa ake ce masa, mutum ya yi shekaru yana shan maganin tumbi daga kanti zuwa kanti. Idan ciwon yana ratsawa zuwa baya, yana ƙaruwa bayan cin abinci, yana sauƙi idan an duƙa gaba, ko bayan gida ya zama mai maiƙo yana yawo a kan ruwa, ko mutum yana ramewa ba dalili, to a je asibiti a nemi gwajin jini da hoton ciki. Haka ma idan ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, jiki yana ƙaiƙayi, ko ciwon suga ya bayyana kwatsam ga wanda ya haura shekara hamsin tare da rama. Ba kowace shawara ce ta hanta ba, wata toshewar bututu ce daga kan pankireyas, kuma jiƙo ba ya buɗe ta.

Gidan da Claude Bernard ya yi jinya a Saint-Julien yanzu gidan tarihi ne, kuma babbar jami'ar kimiyya da likitanci ta Lyon, inda ɗalibai da dama daga ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suka yi karatu, sunansa take ɗauke da shi. Mutum-mutuminsa na tagulla da ke ƙofar Collège de France an narkar da shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan yaƙin aka kafa na dutse a wurin.